Na dasa bishiyoyi a tsakiyar hunturu, wani abu yana cinye su da dare

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma tun safe raina a ɓace yake. Shekara guda ke nan da muka bar cikin gari muka koma wani ƙauye a Lincolnshire, gabashin Ingila, saboda ya fi kusa da wurin aikina. Gidan tsoho ne, amma a bayansa akwai fili kusan rabin eka, ciyawa zalla, daga ƙarshensa sai gonar alkama ta wani mutum, can gefe kuma ɗan kurmi. Ni 'yar Zariya ce, na tashi a gidan da akwai mangwaro da gwaiba da lemun tsami a tsakar gida, filin da babu inuwa ba ya yi mini kama da gida. Don haka a makon farko na Disamba ni da maigida muka dasa tuffa 6, rowan (wata bishiya mai jajayen 'ya'ya) 2, da ƙananan dashen ƙayar shinge guda 100 a kan iyakarmu da gonar. Kwana biyu muka yi muna haƙa, hannu har ba ya jin shebur don sanyi.

Yau da safe na fita na tarar an cinye kan dashen shinge sun fi 30. Tuffa biyu kuma an ɓare musu ɓawo daga kusa da ƙasa har zuwa wajen gwiwata. Ɗaya gefe guda aka ɓare, ɗayar kuwa an zagaye ta kaf, farin itacen a waje. A cikin laka akwai sawu ƙanana masu tsaga biyu, kamar na ɗan akuya, alhali a ƙauyen nan babu mai akuya. Mene ne wannan? Kuma waɗanda aka ɓare za su rayu?

Malamin Gandu:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin a zo kan ɓarawon, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacin dashen. Shekara 32 na yi ina aikin gandun daji kafin na yi ritaya, ban taɓa ganin an dasa bishiya a Disamba ta yi albarka ba, sai in mutum zai tsaya mata da bokiti safe da yamma. Mu sai ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa farkon Agusta, sannan mu fito da dashe daga gidan reno. Wa ya ba ki shawarar ki sa su a ƙasa lokacin da ko ganye ba su da shi? Ina jin tsoron ko an sayar miki da busassun sanduna ne.

Tsohon Baƙo:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, a nan kam ta yi daidai. Ni shekarata 21 a Norfolk, kuma farkon zuwana haka na yi mamaki. Daga Nuwamba zuwa Maris bishiyoyin nan masu zubar da ganye barci suke yi. A lokacin ne masu gidan reno suke tono su daga ƙasa, su kakkaɓe ƙasar, su sayar da su da saiwa tsirara, ba tukunya ba leda. Sun fi arha nesa ba kusa ba, kuma sun fi kamawa. Dalilin shi ne babu ganyen da zai riƙa jan ruwa, ƙasa kuma a jiƙe take wata da watanni, sai saiwa ta riƙa lallaɓawa a hankali tana kama wuri kafin ganye ya fito a Afrilu. Hunturun nan shi ne daminarsu ta fuskar laima. Hunturunmu na gida busasshe ne da ƙura, nasu jiƙaƙƙe ne da laka. Shi ya sa ma makon dashen bishiya na ƙasa, wanda aka fara tun 1975, yake faɗowa a ƙarshen Nuwamba.

Abu biyu ne kawai ba a yi: ba a dasawa ƙasa tana daskare, ba a kuma dasawa ruwa yana kwance a ramin.

Malamin Gandu:
To, yanzu na gane. Ashe ƙa'idar ɗaya ce, a sa dashe a ƙasa lokacin da laima take gabansa. Kuma ka tuna mini da wani abu. Mu ma muna da dashen kututture, musamman ga malaina da darbejiya: a tumɓuke dashen, a datse kansa, a rage saiwar, a kai shi fili kamar sanda. Wanda bai sani ba sai ya ce ya mutu, bayan mako uku ka ga ya tofo. Na janye maganata, 'yata. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Game da ɓarnar, je ki duba bakin da aka ci. In yankan ya fita sumul a karkace kamar da wuƙa, zomo ne. In kuwa a yage yake da zare-zare, to dabba ce mai tuƙa, irin akuya ko barewa, don ba su da haƙoran gaba a sama, kamawa suke yi su fizga.

Maman Tagwaye:
Baba na je na duba yanzu da tocila. Iri biyu ne! Na can ƙarshen shinge yanka ne sumul, na kusa da kurmin kuwa a yage suke. Tuffar kuma ɓawon a tsaye aka yage shi.

Tsohon Baƙo:
To baƙi biyu gare ki, ƙanwata. Zomaye, da kuma wata 'yar barewa da ake kira manjak. Kamar gada take, tsayinta a kafaɗa wajen rabin mita, ja-ja, tana tafiya a duƙe, da dare tana haushi kamar kare. Asalinta daga ƙasar Sin ne. An kawo ta gandun Woburn a Bedfordshire fiye da shekara ɗari da suka wuce don ado, wasu suka tsere, wasu aka sake su, yanzu ta cika kudanci da gabashin Ingila. Abin da ya sa take yawa shi ne ba ta da lokacin haihuwa, duk shekara haihuwa take yi, tana haihuwa kwanaki kaɗan ta sake ɗaukar wani cikin. Irin barewa shida ne a ƙasar nan, biyu kaɗai ne 'yan asali, kuma babu kura babu zaki da zai rage su.

Tambayata a gare ki: da kuka dasa, ba ku sa musu riga ba?

Maman Tagwaye:
Yaya, mai sayarwar ya ce in haɗa da bututun roba da ake zura wa kowace, na ga kuɗinsu ya kusa kai na dashen shingen kansu, sai na ce a bari sai wata mai zuwa. Wallahi ban san abin zai zo da wuri haka ba.

Ɗan Mafarauta:
Hajiya ai wannan nama ne Allah ya kawo miki har gida. A garinmu gada ta shigo lambu ai ta gama yawo. Ki sa maigida ya ɗana tarkon waya a hanyar da take bi, dabba ba ta canza hanya. Kwana biyu kin huta, yara kuma sun sha romo.

Tsohon Baƙo:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka jefa su cikin matsala. Dokar barewa ta 1991 ta hana kama barewa da tarko ko zarge ko guba, ko da a cikin filinka ne. Harbi kawai aka yarda da shi, shi ma sai mai lasisin bindiga, da irin bindigar da doka ta ƙayyade, kuma ba wanda zai yi harbi a bayan gida a tsakiyar ƙauye. In ta yi yawa, manomin da ke maƙwabtaka da su ya san mai lasisin da ke zagaya gonaki. Kuma ko an kashe wannan, wata za ta maye gurbinta kafin wata ya ƙare, tunda kurmin yana nan.

Ɗan Mafarauta:
To ai ban san haka dokarsu take ba. Na janye. Amma ni har yanzu ban ga dalilin da mutum zai zuba kuɗi da gumi dabbar daji ta zo ta cinye, a ce kuma ba ya da ikon taɓa ta ba.

Hajiya Inna:
Ni maganar kisa ma ba ta yi mini daɗi ba. 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce babu Musulmin da zai dasa dashe ko ya shuka shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Dabbar nan yunwa ce ta kawo ta. Ku kuna ciki da abin ɗumama ɗaki, ita tana waje cikin ƙanƙara babu ganye ko ɗaya a daji. Kun same ta a wurin, ba ita ta same ku ba. Ni da ni ce sai in bar mata, in sa a raina an rubuta mini lada.

Malamin Gandu:
Hajiya, hadisin gaskiya ne, kuma ladan abin da aka riga aka ci in sha Allahu tana da shi. Amma ban yarda a bar mata ba. Bishiyar da aka zagaye wa ɓawo mutuwa take yi, domin ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Barewar ta ci na dare ɗaya, an yi asarar abin da zai ciyar da tsuntsaye da mutane shekara 50. Na ga wannan da idona sau ba adadi: a yi bikin dashe, a ɗauki hoto, a watse, babu kariya, kafin kaka awaki sun share komai. Ba rashin ruwa ne ya fi kashe mana dashe ba, rashin tsaro ne. Wanda yake son dabbobi su daɗe suna ci, shi ya fi kowa buƙatar ya kare bishiyar tana ƙarama.

Hajiya Inna:
Malam na ji, kuma ban ce ka yi kuskure ba. Amma ina tsoron daga kariya a koma gaba. Na ga mutanen da lambu ya mayar da su abokan gabar duk wani mai rai, kullum suna cikin zuba guba. Ba na so 'yar nan ta koma haka.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku ba ni hili in sa baki. Mu nan Nijar ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce ranar dashen itatuwa, kuma shekara da shekaru ana dasawa. Amma abin da ya maido da itace gonakinmu na Maraɗi da Damagaram ba dashe ba ne, sassaben zamani ne. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙasa. Sai aka koma zaɓen rassa biyu ko uku masu ƙarhi, a datse sauran, a kiyaye su. Yau ana maganar hekta miliyan 5. Gonar mahaihina da babu komi sai rairayi, yanzu gawo ya hi 40 a ciki, kuma ba mu dasa ko guda ba.

Abin da ya sa na kawo wannan: Hajiya Maman Tagwaye, tunda akwai kurmi kusa da ke, ki duba gehen hilinki da kyau. Ina da yaƙinin akwai abin da ya hito da kansa. Wanda ya hito da kansa ya hi wanda aka kawo daga nesa ƙarhin saiwa. Kuma mu da ƙaya muke kare ƙaramin icce daga awaki, a sara rassan ƙaya a kewaye shi. Ba a sayen ta da kuɗi.

Tsohon Baƙo:
Malam na Maraɗi ya taɓo gaskiya. A nan ma haka daji yake komawa in an ƙyale fili: ƙaya ce take fara fitowa, sannan manyan itatuwa su taso a tsakiyarta inda bakin barewa ba ya kaiwa. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka mai shuɗi a fiffike, da kaka yana binne 'ya'yan itacen ok (wani babban itacen dajin nan) dubbai don ajiyar hunturu, waɗanda ya manta su ne suke tsirowa. Ni a wurina guda uku na samu haka.

Amma tuffa dole a saya, don 'yar aure ce kamar mangwaron aure, in ka shuka ƙwallon ba za ka samu irin uwar ba. Ƙanwata, ga abin da zan yi in ni ne, kuma gobe-gobe, ba wata mai zuwa ba.

Kowace tuffa da rowan ki yi mata keji nata. Turaku uku ko huɗu, ki zagaye da ragar waya mai tsayin mita 1.2, ki bar tazara tsakanin ragar da bishiyar yadda baki ba zai kai ba. Ƙasan ragar ki danne shi sosai, domin manjak ta fi son kutsawa ta ƙasa a kan tsallake. A jikin gindin kuma ki naɗa robar nan mai murɗe saboda zomo. Dashen shinge kuwa kada ki damu da waɗanda aka ci wa kai, ƙayar nan tana da taurin rai, datsewar ma sa ta take yi ta yi rassa daga ƙasa. Ki dai sa musu robar zomo mai tsayin santimita 60 da ɗan kara a ciki. Na ɓangaren kurmin, inda barewar take shigowa, su ne za ki sa wa dogon bututu.

Sannan ki cire ciyawa ki bar da'ira mai faɗin mita ɗaya a gindin kowace, ki zuba ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye, amma kada ya taɓa jikin bishiyar. Ciyawa tana ƙwace ruwa fiye da yadda ake zato, kuma a cikinta ɓeran ciyawa yake ɓuya yana gurgurar gindi. In an yi daren da ƙasa ta daskare, washegari ki bi su ki taka gindin da dunduniya, don daskarewa tana ɗaga ƙasa ta saki saiwa.

Maman Tagwaye:
Na gode Yaya, na rubuta duka. Maigida yana cewa me zai hana mu zagaye filin gaba ɗaya da waya mu huta?

Ɗalibar Tsuntsaye:
Anti don Allah kada ku yi haka. Ina karanta zancen nan tun ɗazu, wannan ne ya sa na kasa yin shiru. Ragar da za ta hana zomo da manjak shiga, za ta hana bushiya ma. Bushiya tana yawo mai nisa kowane dare tana neman abinci, lambu ɗaya ba ya isar ta, kuma yawanta ya ragu ƙwarai a karkarar Ingila. Shi ya sa ake roƙon mutane su bar rami mai faɗin santimita 13 a gindin shingensu. Yanzu haka barci take yi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, a ƙarƙashin tarin ganye ko itace. In kuna da tarin shara da kuke shirin ƙonawa, ku kwashe shi zuwa wani wuri tukuna kafin ku sa wuta. Ita ce kuma za ta riƙa cinye miki tsutsotsi da ƙwari idan zafi ya zo.

Keji ga kowace bishiya ya fi. Bishiya ta tsira, hanya kuma ta zauna a buɗe. Ina ganin wannan ya haɗa maganar Baba Malam da ta Hajiya Inna.

Tsohon Baƙo:
Kuma shingen waya na rabin eka ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga shi in akwai dagen ƙasar nan, mai zanen fari da baƙi a fuska, zai tona ƙarƙashinsa ya wuce, don ba ya barin hanyar da ya gada. Shi ma doka ta 1992 ta hana taɓa shi ko raminsa. In kin ga 'yan ramuka a ciyawa da safe, shi ne yake tonon tana, ba ruwansa da bishiya.

Maman Tagwaye:
Ikon Allah, ramukan nan kuwa akwai su! Na ɗauka yara ne. To Ɗaliba, tunda tsuntsaye kike karanta, akwai wasu da suka cika gonar bayanmu tun Nuwamba, garke guda, sun fi ɗari. Wasu suna da ja a ƙarƙashin fiffike da farin layi a saman ido, wasu sun fi girma, kansu toka-toka, suna da surutu. Maƙwabcina, wani dattijo da aka haifa a ƙauyen, ya ce baƙin hunturu ne.

Ɗalibar Tsuntsaye:
Gaskiyarsa Anti. Daga Nowe da Suwidin da Finlan suke zuwa, suna tsallako teku da dare a watan Oktoba, su koma wajen Maris. Sanyin Ingila da ke damun mu, su a wurinsu sauƙi ne. Kuma abin da suke nema shi ne daidai abin da kika dasa: jajayen 'ya'yan ƙayar shinge, da na rowan, da tuffar da ta faɗo ƙasa. Nan da shekara biyar ko shida shingenki zai fara ciyar da su. Sharaɗin kawai kada ki riƙa aske shi kowace kaka, domin a kan reshen bara yake yin fure. Ki bari sai ƙarshen hunturu bayan sun cinye, kuma kada a taɓa shi daga Maris zuwa Agusta saboda sheƙa.

Amma akwai wanda ya fi waɗannan taɓa mini zuciya. Ni 'yar Nguru ce. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, bai kai gwara nauyi ba, wanda yake sheƙa a cikin irin wannan shingen ƙaya na Ingila daga Afrilu. Yanzu da muke maganar nan ba ya Ingila, yana wajenmu, a Sahel, daga Senegal har tafkin Chadi, cikin ƙayoyi da bishiyoyin fadamar Haɗeja da Nguru. Kafin ya tsallaka Sahara yana cika cikinsa da 'ya'yan itacen asuwaki har ya yi kitse. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga fiye da rabinsu ba su dawo ba. Da aka bincika, farin da aka yi a Sahel ne ya kashe su, farkon wannan farin da iyayenmu suke ba mu labarinsa. Na girma ina ganin tsuntsun nan a bayan gidanmu ban san yana da wani gida ba, sai da na zo karatu na gan shi a kan shinge yana kuka. Na daɗe a tsaye a wurin.

Ɗan Maraɗi:
Allahu akbar. Ke nan itatuwan da muka bari a gonakinmu suna ciyar da baƙon da zai je ya kwana a shingen Hajiya. Mu shamuwa kawai muka sani da tahiya da dawowa, in ta sauka mu ce damina ta kusa. Wannan zan ba tsohona labari yau da dare.

Malamin Gandu:
Na shekara 32 a cikin daji ban san wannan ba. Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Bari in koma kan tuffar da aka ji wa rauni, don ba a amsa mata ba. Wadda aka ɓare gefe ɗaya za ta warke, ɓawo zai taso daga gefe da gefe ya rufe. Ki gyara bakin raunin da wuƙa mai kaifi, ki cire zare-zaren, kada ki shafa mata fenti ko man inji kamar yadda wasu suke yi. Wadda aka zagaye kuwa, ki duba inda aka yi auren, wani ɗan kumburi ne kusa da ƙasa. In akwai lafiyayyen ɓawo tsakanin kumburin da raunin, ko da faɗin tafin hannu ne, ki datse ta daidai ƙasan raunin, za ta tofo daga nan kuma tohon irin da kika saya ne. In raunin ya kai har ƙasan auren, abin da zai fito na gindin ne, ba zai ba ki tuffar kirki ba.

Tsohon Baƙo:
Haka ne. Wane iri ce aka zagaye? Ina tambaya ne saboda barbara.

Maman Tagwaye:
Na sayi Bramley biyu, Discovery biyu, James Grieve biyu, duka an yi aurensu a kan irin gindin da ake kira MM106. James Grieve ɗaya ce aka zagaye.

Tsohon Baƙo:
To da sauƙi. Bramley ba ta iya yi wa kowa barbara, ita kuma tana buƙatar wasu, shi ya sa ake haɗa ta da iri biyu daban. Tunda James Grieve ɗaya ta rage ga Discovery biyu, lissafinki bai ɓaci ba. Bramley ɗin nan ma 'yar maƙwabtanku ce, uwar tana Southwell a Nottinghamshire, wata yarinya ce ta shuka ƙwallonta a 1809, duk wata Bramley a duniya daga reshenta aka yi aure. Ki ba su wuri, kan wannan gindin suna kai mita huɗu.

Abu na ƙarshe, kada laimar yanzu ta ruɗe ki. Gabashin Ingila shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin ruwan sama. A Yulin 2022 a Coningsby, nan cikin Lincolnshire ɗinku, zafi ya kai digiri 40.3, kuma a shekarar na rasa dashe bakwai saboda na yi tafiya gida. Shekara biyun farko, daga Mayu zuwa Satumba, in an yi mako ba ruwa ki ba kowace bokiti biyu a zuba ɗaya. Yayyafin kullum ba ya kai wa saiwa.

Ɗan Mafarauta:
Ni dai ina nan a kan cewa in ba a rage yawan barewar nan ba, kejin ma wata rana ba zai isa ba. Ku da kanku kun ce babu mai cin ta kuma ba ta daina haihuwa.

Ɗalibar Tsuntsaye:
A nan kam ban saɓa maka ba, Yaya. A dazuzzukan da ta yi yawa tana cinye duk ƙananan tsirrai na ƙasa, tsuntsayen da ke sheƙa a cikin sarƙaƙiya su rasa wuri. Masu kula da daji suna rage ta, kuma ina ganin ya kamata. Amma aikinsu ne su, ba na Anti a bayan gida ba.

Hajiya Inna:
Ni kam zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma na bar wa masu ilimin abin.

Maman Tagwaye:
Jama'a na dawo da labari, yau mako biyar. Mun yi keji takwas, mun sa wa dashen shinge roba. Dattijon maƙwabcina ya ba mu aron abin buga turke, ya kuma tsaya ya nuna wa maigida yadda ake ja wa ragar ƙarfi. Tun daga ranar ba a sake taɓa ko ɗaya ba. Mun sayi 'yar kyamarar da ke ɗauka da dare muka ɗaura a jikin turke. Hajiya Inna, barewar mace ce, kuma tana tafe da ɗanta, bai fi kyanwa girma da yawa ba. Tana zuwa wajen ƙarfe huɗu na asuba, ta shinshina kejin, ta wuce ta ci ganyen sarƙaƙiyar da ke bayan rumbun kaya. Na hana maigida sare sarƙaƙiyar. Dagen ma ya fito a hoto sau biyu, da yanyawa sau ɗaya.

Malam na Maraɗi, na bi gefen filin a tsugune kamar yadda ka ce. Na samu 'yan itacen ok guda biyu, tsayinsu bai wuce taƙi ɗaya ba, har da busasshen ganye a jikinsu, a tsakiyar ƙaya. Na kafa musu kara don kada injin yankan ciyawa ya bi ta kansu.

Ranar Asabar kuma ni da tagwaye muka yi ƙidayar tsuntsayen lambu ta ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da ake yi ƙarshen Janairu, awa ɗaya a bakin taga. Mun ga iri tara. Na yanka tuffar kasuwa da ta fara laushi na watsa a ciyawa, masu jan fiffiken nan guda huɗu suka sauka.

Baba Malam, na auna ɓawon da ya rage a saman auren James Grieve, yatsa uku ne kawai. In datse yanzu ko in jira?

Malamin Gandu:
Yatsa uku zai iya isa in akwai ido a jikinsa. Duba da kyau, ɗan ƙullutu ne kamar ƙwayar gero. Lokacin datsewa kuwa Tsohon Baƙo ya fi ni sanin yanayinku.

Tsohon Baƙo:
Ki datse cikin Fabrairu, ranar da babu ruwa kuma ƙasa ba ta daskare ba, yankan a ɗan karkace. Kada ki cire kejin. In ta tofo, ki zaɓi toho ɗaya mafi ƙarfi a saman auren ki ɗaure shi a kara, ki murje duk wanda ya fito ta ƙasa. Ki ba ta har ƙarshen Mayu. In ba ta motsa ba, ki yi odar wata tun Agusta, a kawo miki a Nuwamba.